Kwana shida a asibitin Katolika: kulawar da muka samu da aikin da aka ƙi yi mana

Matata ta haihu ta hanyar tiyata, karo na uku ke nan, a wani asibitin ɗarikar Katolika da ke jihar Kaduna, kuma kwana shidan da na yi ina jinyarta sun ba ni damar ganin yadda ake tafiyar da wurin. Asibitin mallakar coci ne, bishop ne ke da ta cewa a kan manufofinsa, sistoci kuma su ke riƙe da ɗakunan jinya da sashen magani.

Ta fuskar kulawa ba ni da abin cewa sai godiya. Ana wanke ɗakuna tun da asuba, ma'aikatan jinya suna zagayowa cikin dare ba sai an je an tashe su ba, kuma ban ji an daka wa wata mai naƙuda tsawa ba, abin da duk wanda ya saba da ɗakin haihuwa ya san darajarsa. Mu Musulmi ne, amma babu wanda ya nemi mu shiga addu'ar da ma'aikata ke yi da safe, hasali ma wata sista ce ta nuna mini inda zan yi alwala. Kuɗinsu ya fi na asibitin gwamnati, sai dai bai kai na asibitocin kuɗi ba.

Inda muka sha bamban shi ne batun juya mahaifa, wato aikin tsayar da haihuwa gaba ɗaya. Tun a wurin awo wani likita ya shawarce mu da a yi aikin a lokacin tiyatar, domin ciki na huɗu a kan tabon tiyata uku yana iya jawo fashewar mahaifa ko mannewar mabiyiya. Da na kawo maganar ana shirin shiga da ita, likitan asibitin ya ce, "Malam, shawarar ba ta da aibi a likitance, amma nan ba a yarda mu yi ba." Dalilin yana cikin koyarwar cocin, wadda Fafaroma Paul na shida ya jaddada a wasiƙarsa ta Humanae Vitae a shekarar 1968, inda ya haramta magungunan hana ɗaukar ciki da duk aikin da aka yi shi musamman don tsayar da haihuwa. Saboda haka babu ƙwaya, babu allura, babu ashanar fata (wadda ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu don hana ɗaukar ciki) a sashen maganinsu. Abin da suke koyarwa shi ne lissafin kwanakin mace ta hanyar lura da alamun jikinta.

Ina girmama mutanen da suka tsaya a kan aƙidarsu, domin mu ma muna da abubuwan da ba ma yi. Abin da ya dame ni shi ne ba a sanar da mu wannan iyaka ranar da muka yanki kati ba, lokacin da muke da sararin zaɓar wani asibitin, sai da matata ta riga ta kwanta a kan gadon tiyata. Wanda ke neman kulawa mai kyau zan tura shi can ba tare da shakka ba, amma macen da aka riga aka ce a juya mata mahaifa ta yi tambaya tun a awon farko. Mu dai idan ta yi arba'in za mu koma asibitin gwamnati a sa mata ashanar fata.