Nomandi ko Bagandi: Wane Gidan Sarauta Ya Kamata Ɗalibi Ya Zaɓa?

Ɗaliban tarihin Turai sun sha tambayata wanne ya fi dacewa su yi nazarin gadon sarautarsa, gidan Nomandi ko na Bagandi, yankuna biyu na Faransa da a zamanin dā manyan sarakuna ke mulka a ƙarƙashin Sarkin Faransa.

Ta fuskar sauƙi, Bagandi ce kan gaba, muddin aka tsaya kan zuriyar Valuwa, wani reshe na gidan sarautar Faransa: mutum huɗu ne, ɗa na gadon uba, daga Filib da ya samu sarautar a 1363 zuwa Cals da aka kashe a yaƙin Nansi a 1477, wanda bai bar ɗa namiji ba sai 'yarsa Maryamu, wadda ta auri Maksimiliyan na gidan sarautar Habsbag na Ostiriya. Takardun baitulmalinsu na nan jibge a biranen Dijon da Lil na Faransa, amma karanta su na cin lokaci, kuma sai da tsohon Faransanci.

Nomandi kuwa ta fi sarƙaƙiya. Rollo ya kafa gidan a 911, kuma labarin magadansa na farko ya fito ne daga marubutan Latin da ke yabon fada, don haka ɗalibi na iya ɗaukar kirari a matsayin tarihi. Sai dai a ganina nan darasin yake: Wiliyam, wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, ya gaji mahaifinsa a 1035 yana ƙaramin yaro, aka kashe wasu daga cikin masu riƙonsa, ya kuma ci Ingila a 1066.

Mai son hujjoji rubutattu da siyasar aure, Bagandi ta fi masa. Mai sha'awar rikicin halaccin magaji, wanda ke da haƙurin tantance ruwayoyi, ya nufi Nomandi.