Bindigar Toka a Littafi da Faifai: Abin da Na Gani a Fensilbaniya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Kwanaki ka tambaye ni abin da nake yi da ranakun Asabar tunda sanyi ya kankama. Amsar ba ta waya ba ce, shi ya sa na zauna in rubuta, ko wasu 'yan gida ma sa ƙaru.

Ka tuna yadda ana saura mako guda hawan sallah 'yan bindigar sarki suke cika maƙerar marigayi Baba Tsoho, wannan kunamarsa ta saki, wancan ƙotarsa ta tsage? Warin albarushin nan da na gawayi, shi na sake shaƙa a nan Amurka. Wani dattijo abokin aikina ne ya ɗauke ni a watan Yuli zuwa wani ɗan ƙauye, Kempton, a jihar Fensilbaniya, inda masu ƙera bindigar ɗuri ta baki suke taron shekara-shekara. Irin tamu ce ta toka, mai tashi da ƙanƙara kamar ƙyastu, sai dai tasu doguwa ce siririya, cikin bututunta kuma da zane a murɗe don harsashi ya tafi sak. Jamusawan da suka zauna a wajen Lankasta a shekarun 1700 ne suka faro ta. Jihar ta ɗauke ta abin alfahari, har tana ware wa masu ita lokacin farautar barewa nasu na kansu bayan Kirsimeti.

Bindigogin sun ƙayatar, amma abin da ya tsayar da ni teburin littattafai ne. Yaya, ilimin da Baba Tsoho ya tafi da shi kabari, a nan haja ce da farashinta a jiki.

Na fara da littafin da kowa ya ce in fara da shi, Recreating the American Longrifle na William Buchele da George Shumway da Peter Alexander. Kuɗinsa bai kai na cefanen mako ba. Littafi ne mai haƙuri, yana bin aiki daki-daki da zane da awo, kuma amfaninsa shi ne ka buɗe shi a gefen teburin aiki ka danne da magagari, ka dawo masa sau goma ba ya ƙosawa. Inda ya gaza shi ne hannu. Zai ce maka ka sassaƙe itace kaɗan-kaɗan, amma kaɗan ɗin nan ba ta rubutuwa.

Nan faifai ya fi shi. Akwai wani tsohon fim da gidan tarihin Williamsburg na jihar Bajiniya ya yi a 1969, inda maƙerinsu Wallace Gusler, yana saurayi lokacin, ya ƙera bindiga tun daga falalen ƙarfe har zuwa adon tagulla, da kayan aikin mutanen da kawai. Wajen awa guda ne. Na kalle shi sau uku, a na farkon sai da idona ya ciko. Yadda yake ɗaga masaba, yadda yake duban launin ƙarfe kafin ya zaro shi daga wuta, yadda yake ajiye awartaki ba tare da ya waiwaya ba, wallahi Baba Tsoho ne sak, fatar ce kawai ta bambanta. Akwai kuma faifan Hershel House, maƙerin Kentaki, wanda tun a 1979 ɗaliban wata makarantar sakandare ta jihar Jojiya suka je suka zauna da shi suka rubuta aikinsa a littafinsu na biyar na jerin Foxfire. Ka lura, yaran makaranta ne suka yi wannan, da biro da kyamara.

Ba kowane faifai ne na kirki ba. Na sayi wani a hannun wani ɗan kasuwa ta intanet, hoton duk dishi-dishi, mai koyarwar ya kare aikin da kafaɗarsa rabin lokaci. Na mayar, sun dawo mini da kuɗina ba gardama, wannan kam na yaba musu. Na kyauta da ke YouTube ma akwai gwanaye akwai 'yan tara-gutsi, sai wanda ya san hanya ya nuna maka na bi.

Su kansu kayan haɗin, wato sassan bindiga da ake saye a haɗa, hawa-hawa ne. Kamfanin Track of the Wolf na jihar Minesota yana buga kundin kaya da hoton sassa daidai girmansu, ka ɗora naka a kan takarda ka gwada. Dixie Gun Works na Tenesi tun shekarun 1950 suke wannan sana'a. Na Jim Kibler na Ohayo kuwa inji mai kwamfuta ne yake fafe itacen, kusan haɗawa kawai za ka yi, kuɗinsa ya haura dala 1,000. Tsofaffin hannu suna gunaguni cewa wannan ba ƙira ba ce. Ni dai ina ganin ƙofa ce ga wanda bai gaji maƙera ba, amma wanda ya tsaya nan bai san itace ba tukuna.

Ni aikin ƙota kawai nake koyo a ɗakin aikin dattijon nan. Akan shafa wa ƙarfe baƙin hayaƙin fitila, a kwantar da shi a kan itace, a ɗaga, duk inda baƙi ya taɓa nan za a kankare da kurfi, a sake. Wata Asabar na yi gaggawa na ɓalle wani gefe kamar faɗin farce. Littafi ya gargaɗe ni, faifai ya nuna mini, duk da haka sai da na yi. Dattijon bai ce komai ba, ya kama hannuna ya juya shi ya bi jijiyar itacen, sai ƙarar kurfin ta sauya daga ƙas-ƙas zuwa wani sauti mai laushi. Wannan ba ya cikin abin da na saya. Su ma sun san haka, shi ya sa ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1933 mai mazauni a Friendship ta jihar Indiyana, take shirya darasin ido da ido a wata jami'a a Kentaki. Ranar da muka shafa wa itacen ruwan rini muka gasa shi da zafi, ya juye daga kore-kore zuwa ja mai duhu, zanensa ya fito kamar ƙunshin amarya, na daɗe ina juya shi a hasken taga.

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada a gida. A nan dokar tarayya ba ta lissafa irin wannan bindiga cikin na zamani, ko da yake wasu jihohi sun tsananta. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa riƙe bindigar toka sai da lasisi, ƙera ta sai da izini, ga kuma halin da ake ciki. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sunan. Muna yara in an ce 'yan bindiga sun taho, gudu muke yi mu tarye su a ƙofar fada. Yau in an faɗa, uwa goya ɗanta take yi ta nemi daji.

Don haka ga roƙona. Cikin dattawan da suka yi wa sarki harbi akwai biyu da suka rage a unguwarmu. Ka je da wayarka ka ɗauki muryarsu. Su faɗi sunan kowane sashe na bindiga da Hausa, da kirarinsu, da kayan da suke sawa, da inda suke tsayawa a jerin gwanon hawa, da wanda ya koya musu. Kuɗin goro da na kati ni zan turo. Sannan ka tambayi Inna ko ƙahon albarushin Baba Tsoho yana nan cikin adakarta. In yana nan, ka ɗauko mini hotonsa ta kowane gefe, musamman wajen ɗinkin fatar, dattijon nan ya ce yana so ya gani.