Injin Huda Na Tsaye: Mai Sauya Bel Ko Mai Na'urar Lantarki?

A shagunan maƙera da kafintoci na Panteka da Kakuri a Kaduna, yawancin injinan huda na tsaye da bel ake sauya musu gudu: a kashe inji, a buɗe murfi, a mayar da bel wani mataki na ƙafafun da yake juyawa a kai. Aikin yana cin lokaci, shi ya sa yaran shago kan bar bel a wuri ɗaya ko da gudun bai dace da aikin ba, har bakin huda ya yi zafi ya dakushe.

Mai na'urar lantarki kuwa, murɗa maɓalli kawai ake yi yana cikin juyawa, kuma wannan sauƙi ne na gaske ga wanda ke huda katako yanzu, anjima alminiyam.

Sai dai idan bel ya rage gudu, ƙarfin murɗawa ƙaruwa yake yi, wanda shi ne abin da baki mai faɗin milimita 20 ke bukata a cikin ƙarfe mai kauri. Na'urar lantarki tana rage gudu ba tare da ta ƙara wannan ƙarfi ba, fankar da ke sanyaya injin ma tana rage juyawa. Ga wutar Kaduna mai hawa da sauka, ga janareta, ga ƙurar hunturu, dukkansu suna cutar da allon lantarki, wanda gyaransa sai ƙwararre, alhali bel idan ya tsinke a kasuwa ake sayo wani.

A ganina, mai aikin ƙofofi da gadajen ƙarfe ya tsaya ga bel.