Turka ko kiwon garke: wanne ya fi kawo riba?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya: yana da kuɗin shanu huɗu, ya sayi bijimai ya turke ne, ko ya sayi karsana ya bar su su hayayyafa? To Malam, ga yadda nake kallon su.

Turka kuɗi ne mai saurin juyawa. Ka je Maigatari ko Wudil ko Potiskum ka zaɓo sa mai ƙashi wanda ya rame, ka ba shi maganin tsutsa da na hanta, ka raba shi da kaska, ka ɗaure shi a inuwa. Cikin kwana 90 zuwa 120 ya kamata ya koma kasuwa. In ya wuce haka, cinsa yana nan amma ƙibar ta ja baya, ribarka yake taunawa. Ita kuwa ribar tun ranar saye ake ƙulla ta. In dillali ya ɗora maka kuɗi, ko ka ɗauko tsohon sa, dusa ba za ta gyara ba. Buɗe bakinsa da hannunka ka duba haƙoran, kada ka tsaya ga faɗar mai shi. Ni na fi son Bokoloji a turke, don yana da sanyin hali kuma yana ɗaukar nama, amma Bunaji ma ba ya ba da kunya.

Sai abinci, inda da yawa ke faɗuwa. Wanda ya tara harawar gyaɗa da ta wake da dusar masara tun kaka, ba ɗaya yake da mai sayen buhu-buhu a watan Afrilu ba. Ƙara angurya, ga kanwa, ga ruwa mai tsabta kullum.

Garke kuwa ajiya ce mai son haƙuri. Cikin saniya wata 9 ne, karsanarmu ta gida takan kai shekara 4 kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma sau da yawa ya fi shekara ɗaya da rabi. Kuɗin da ake kashewa yau da gobe kaɗan ne in akwai wurin kiwo da amintaccen makiyayi, ga nono ga taki. Amma burtali ya ƙuntata, ga satar shanu, ga boru da ciwon huhu da kan shiga garke su bi shi kaf.

Da ni ne da kuɗin nan, kuma ba ni da fili, bijimai uku zan saya. Kuɗin na huɗun in riƙe don abinci da magani, in lissafa watannina su faɗo daidai da Babbar Sallah.