Zulkiflu ko Alyasa'u: wanne zai fi zama a bakin mutanen gari?

Wani angon ƙarni daga wani ƙauye a yankin Ringim ya tambaya: an haifa masa ɗa namiji, yana son suna wanda ba kowane gida ake kira ba, zuciyarsa ta rabu tsakanin Zulkiflu da Alyasa'u, ga shi suna jibi. Barka, ɗan'uwa, Allah ya raya.

Ta fuskar asali babu na yarwa. Aya guda ma ta haɗa su, Suratu Saad aya ta 48, tare da Annabi Isma'ila. Alyasa'u ya sake zuwa a Suratul An'am aya ta 86, Zulkiflu kuma a Suratul Anbiya aya ta 85. Alyasa'u Annabi ne ba gardama, shi ya biyo bayan Annabi Iliyasu a cikin Bani Isra'ila. Zulkiflu kuwa malaman tafsiri sun ɗan yi saɓani, wasu suka ce salihin bawa ne, amma mafi rinjaye suna ƙirga shi cikin annabawa 25 da aka ambata.

Wajen ƙaranci, Alyasa'u ya fi wuyar samu. Zulkiflu akan yi karo da shi jifa-jifa a Kano da Jigawa, a Malesiya da Indunusiya kuwa suna ne gama-gari. Alyasa'u sai ka zaga makarantun allo da yawa ba ka ji an kira shi ba.

Aikin yana wajen furuci. A Larabci Zul-Kifli ne, da wasalin i a ƙarshe, kuma harafin farko zalun ne, wanda ake ɗan fito da bakin harshe tsakanin haƙora. Mu muka mayar da shi z, muka ƙarasa da u kamar yadda muka yi wa Muhammadu da Aliyu, kuma wannan ba laifi ba ne. Damuwar ita ce f da l da suka haɗu ba wasali. Harshen Bahaushe ba ya son haka, shi ya sa kakar yaro za ta ce Zulkifilu, gobe ta gajarce zuwa Kifilu. Daga Kifilu zuwa "Kifi" a bakin yaran firamare taku ɗaya ne, kuma irin wannan laƙabi in ya kama ba ya saki.

Alyasa'u bai da wannan cikas. Gaɓa huɗu ne, Al-ya-sa-'u, kuma ɗan tsayawar nan ta ƙarshe mun saba da ita a Sa'adu da Shu'aibu. Nasa ciwon dabam ne: kunne yana karkata zuwa sunan da ya sani, sai a ji Iliyasu. Ran suna in liman ya raɗa a hankali, sanƙira ya ɗaga murya ya ce Iliyasu, kafin a gama rabon goro saƙon ya shiga cikin gida wajen mata, gyara sai an sha wuya. Maganinsa ka rubuta sunan a takarda da ajami ka miƙa wa liman tun da asuba, ka kuma maimaita wa mai shela sau biyu.

Sai takardu, inda mutane suka fi yin sakaci. Zulkiflu yana da rubutu aƙalla uku: Zulkiflu, Zulkifli, Zulkifilu. Alyasa'u kuma wasu kwamfutoci ba sa karɓar waƙafin saman nan, sai ya fito Alyasau. In takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta ce abu ɗaya, rajistar firamare ta ce wani, ranar da yaro zai yi NIN ko ya cike JAMB sai an je kotu rantsuwa. Zaɓi rubutu guda, ka tsaya a kan ma'aikacin har ya rubuta a gabanka, kuma shi za ka kai wa hedimasta.

Tunda ƙaranci kake nema, kuma yaron a ƙauye zai tashi, Alyasa'u ya fi. A takarda ka bar shi Alyasau, ba waƙafi ba karan tsakiya, a baki kuwa a ci gaba da kiransa yadda yake.