Kuɗin gwamnati da na aljihun iyaye: wanne ke sayen me?

Wata 'yar'uwa daga Pantami a Gombe ta tambaya: tunda an ce karatun firamare kyauta ne, me ya sa kowane zango sai ta kashe kuɗi a kan yaranta? Hajiya, kuɗaɗen nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba.

Na gwamnati tushensa dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004, wadda ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole. Gwamnatin tarayya na ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigarta. Rabinsa tallafi ne ga jihohi don gina ajujuwa da banɗakuna da sayen kujeru, amma ba a sakinsa sai jiha ta ajiye daidai adadinsa ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. In ba ta ajiye ba, kuɗin na can kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa.

Naki kuma shi ne yunifom, takalmi, jaka, biro, kuɗin tara da na Keke Napep. Wannan ko gwamnati ta ninka kasafinta ba zai sauka daga kanki ba.

Inda abin ke da ciwo shi ne tsakiyar. Dokar ta lissafa littattafai, kayan koyarwa, kujeru da abincin rana cikin abin da ya kamata yaro ya samu kyauta, har ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ga mai karɓar kuɗin makaranta. To amma shugaban makaranta ba kasafai yake da kuɗin gudanarwa a hannu ba. Alli ya ƙare, iska ta yaye kwano, aji ba malamin lissafi, sai a kira taron iyaye da malamai a yanka wa kowa kaso: na buga takardun jarrabawa, na gyara, na alawus ɗin malamin sa-kai. Aji in ya cika maƙil kuma, sai ki ƙara da biyan darasin yamma. Wannan kason, a ganina, nauyin gwamnati ne da ya zame ya faɗo kan iyaye.

Duk kuɗin da aka nema, ki tambaya ko kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ya amince, ki kuma karɓi rasit. In ba ki gamsu ba, ki kai maganar ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.