Cittar adon da na saya a Bauchi: shekara biyu, fure uku

Har yanzu ina jin haushin mai fulawar nan da ya sayar mini da cittar ado, wata shuka mai kama da citta da ake dasawa don furenta. Sau biyu na tambaye shi, na ce, "Malam, anya za ta yi a Bauchi?" Ya ce, "Hajiya, ko a tsakar rana kika dasa ta babu abin da zai same ta." A watan Yuli ne, ana tsakiyar damina, komai ma kore yake.

Na dasa ta a tsakar gida, ta yi ta fitar da ganye dogaye kamar na citta, sai dai sun ninka shi girma. Hunturu na shigowa a Disamba bakin ganyen ya fara ƙonewa, iska ta tsattsage shi. Safe da yamma ina ba ta ruwa, amma kafin Maris saura kara biyu tsaye. Wallahi na yi ƙwalla. Ashe shukar daji ce ta ƙasashen Indunusiya da Maleshiya, inda ruwa ba ya yankewa, inuwa da laima take so. Da ya faɗa mini haka da ban yi asarar watanni takwas ba. Na tono saiwar na mayar gindin mangwaro kusa da rariya, na lulluɓe da busasshen ganye da takin akuya.

A damina ta biyu ta ba ni fure uku. Furen ba a kan ganye yake ba, karansa daban yake tsirowa daga ƙasa, jajir, da sheƙi kamar an shafa mai. Guda ɗaya na yanka tun bai buɗe ba, na yayyanka siriri na zuba a farfesun tarwaɗa dab da saukewa. Ƙarnin kifin ya ɗauke, ga ɗan tsami kamar lemun tsami da ƙamshin citta. Maigida ya ce, "Maman yara, me kika sa a ciki?" A wannan daren na ce na yafe wa mai fulawa.

To amma bazara na dawowa na sake tuna shi. Jarka biyu take sha kullum, ga kuɗin mai ruwa yadda ya koma. Kuma mai fulawar ya ce zan riƙa tonon citta a gindinta, na tona, saiwa ce mai zare-zare, ko a kunu ba ta shiguwa. Mai rijiya da inuwa a gida ya saya, ni dai ba zan ƙara tukunya ta biyu ba.